Gwaggo Mai Miƙa Mukullin Sabuwar Mota

Gwaggona, yayar mahaifina, ba ta taɓa tuƙa mota ba. Amma da za a tara mutanen da suka karɓi mukullin sabuwar mota daga hannunta, da sun cika filin ƙwallo har wasu sun tsaya a waje. Ta yi aiki a wani kamfanin sayar da motoci tun ina 'yar firamare har na yi aure na haihu, kuma a yawancin shekarun nan babu motar da ke fita ƙofar kamfanin sai ta bi ta gaban teburinta.

Hanyar da ta kai ta can ta faro ne daga bayan gidansu. Mijinta mai fentin mota ne, mu yara muna ce masa Baba Mai Fenti. Yana da rumfar kwano a bayan gida, cike da gwangwanaye da tsummoki da tsofaffin jaridun da yake rufe gilashi da su kafin ya fesa. Shi ya fara nuna mata cewa kowace mota tana fitowa daga masana'anta da 'yar takarda manne a jikinta, wata a ginshiƙin ƙofar direba, wata a ƙarƙashin shimfiɗar but kusa da tayar safaya. A jikin takardar an jera lambobi da haruffa ƙanana, kowanne da abin da yake nufi: irin injin, irin giya, irin kujeru, duk wani ƙari da mai saye ya zaɓa, da kuma launin fenti. Wannan na ƙarshen ne kaɗai ya dami Baba. Yakan ce jahili ne ke cewa farar mota, domin akwai farin madara, akwai farin auduga, akwai farin ɓawon ƙwai, kuma in ka haɗa biyu a ƙofa ɗaya rana za ta tona maka asiri.

Da shekaru suka ja, idonsa ya fara yin hazo. Launi yana ganinsa, amma ƙananan haruffan nan sun gagare shi. Sai ya riƙa leƙowa ta taga yana kiran Gwaggo ta zo ta ara masa idonta. Takan fito daga kicin hannunta a jiƙe, ta sunkuya cikin but ɗin motar mutane, ta karanto masa harafi ɗaya bayan ɗaya. Karatunta bai wuce firamare ba, amma mace ce da ba ta iya ganin rubutu ta wuce. Ta fara tambayarsa sauran lambobin fa, me suke cewa. Ya ce shi dai nasa ya sani, sauran ta tambayi waɗanda suka ƙera. Ba ta ga waɗanda suka ƙera ba, amma ta gano sun bar littafi a ɗan akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza. Duk motar da ta kwana a rumfar, Gwaggo takan ɗauko littafinta bayan ta gama aikin rana, ta zauna a inuwa da ƙamus ɗin ɗanta na makaranta, tana bi da yatsa. Kafin mai mota ya zo ta mayar da shi yadda ta same shi.

Idon Baba ya ci gaba da lalacewa har ranar da ya fesa wa wata mota ƙofa, mai motar ya zo ya tsaya yana duban ƙofar, yana duban sauran jikin motar. Baba ya fahimci launin bai dace ba. Ya rufe rumfar a makon, bai sake buɗe ta ba. A cikin masu kawo masa aiki akwai manajan wani kamfanin sayar da motoci, mutum mai ƙiba da fara'a, wanda ya daɗe yana yaba hannunsa. Da ya ji abin da ya faru, shi da kansa ya zo gidan, ya ce akwai gurbi a wurin wankin sababbin motoci in Gwaggo ba za ta raina ba. Ba ta raina ba. Har yau in an ambaci Manaja takan ce mutumin nan ya rufa musu asiri a lokacin da iska ta ɗage musu zane.

Wurin wankin yana can bayan ginin, ƙasa siminti, kullum a jiƙe. Sababbin motoci sukan sauko daga tirela da ƙura da farar leda a bonet, da rubutun alli a gilashi, da sitika iri-iri. Aikin masu wanki su ɓare komai su goge har motar ta ɗauki ido. Su kuwa komai suke ɓarewa. Gwaggo ce ta fara rarrabewa: wannan ta masu jigila ce, a cire, wannan ta masana'anta ce, a bar ta. Wata rana ta kama ɗaya daga cikinsu yana kankare ta ginshiƙin ƙofa da reza, wadda ke nuna yawan iskar da taya ke buƙata. Ta riƙe masa hannu, ta tambaye shi ko zai so a wanke masa riga a haɗa da takardar haihuwarsa da ke aljihu. Daga ranar suka sa mata Uwar Sitika. Da tsokana suka fara, amma sunan ya bi ta har ofishin Manaja, kuma ita ba ta taɓa jin haushinsa ba.

Wata tsohuwar ungozoma ce ta yi sanadin fitowarta daga bayan gini. Matar ta yi ritaya ta sayi 'yar ƙaramar mota, mai sayarwa ya miƙa mata mukulli ya koma kan wani ciniki. Ta fita da motar ta dawo ba da jimawa ba, ranta a ɓace, wai ta je gidan mai an rasa yadda za a buɗe murfin tanki. Gwaggo na wucewa da bokiti da takalmin roba, ta ajiye bokitin ta nuna mata ɗan abin da ake ja a gefen kujera. Daga nan magana ta yi tsawo. Suka zauna a cikin motar, Gwaggo ta buɗe mata littafin ta nuna mata fitilun gargaɗi, wacce in ta kama za a iya ƙarasawa gida, wacce in ta kama dole a tsaya nan take. Ungozoma ba ta tafi ba sai da ta shiga wurin Manaja ta gaya masa cewa mutum ɗaya ne a ginin nan ya ɗauke ta a bakin mutum, kuma yana sanye da takalmin roba.

Haka aka ba Gwaggo ɗan teburi kusa da babbar ƙofar gilashi, a ɗakin da ake jera motoci. Na sha zuwa can bayan an tashi makaranta, domin a gidanta na yi sakandare. Tayil ɗin ɗakin har fuskarka kake gani, ga sanyin esi, ga wata tukunyar furen roba da Gwaggo ke goge wa ƙura duk safiya kamar tana da rai. A kan teburin babu komai sai jakar takardun motar da za a miƙa a ranar: littafin mota, littafin sabis, takardar garanti, takardar da ke lissafa abin da masana'anta ta sa a motar, da mukulli na biyu. Mukulli na farko kuwa yana aljihun rigarta, kuma ba ya fitowa sai ta gama.

Ba ta karanta wa kowa littafin duka, ta san ba mai haƙurin haka. Ƙyallaye take yankawa sirara a gida, ta saka su a shafukan da ta san za a nema ranar da abu ya ɓaci a hanya: shafin taya, shafin baƙin mai, shafin fiyus, shafin fitilu. Tambayarta ta farko kullum ita ce wa zai riƙa tuƙa motar. In direba ne, sai a kira shi daga waje, ta ba shi kujera irin ta maigidansa. In matar gida ce, takan ce a je a zo da ita, mota ba za ta gudu ba. Sannan ta zagaya da mutum ta nuna masa inda kowace sitika take, ta ɗora takardar masana'anta kusa da ita su karanta tare, ya ga abin da ya biya shi aka ba shi. Takan yi mamakin mutane. Ta ce mutum zai bar ledar kujera yana zamewa a kanta yana gumi har ta yage don kanta, amma littafin tun ranar farko zai ba yara su yi jirgin takarda.

Ba kowa ke son wannan zama ba. Wani babban ɗan kasuwa ya taɓa buga teburin ya ce shi yana tuƙi tun kafin a yaye ta. Gwaggo ta ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Motar ce dai ba ta da labari." Ya dube ta kamar zai yi faɗa, sai dariya ta ƙwace masa, ya ja kujera ya zauna. Daga baya duk ɗan da ya saya wa mota, wurinta yake turo shi, ya ce a je a sha karatu.

Da yamma in ta dawo, Baba na zaune a bakin ƙofa a kan kujerarsa ta katako. Tun kafin ta yi sallama yakan ce ya ji ƙanshin sabuwar mota a mayafinta. Sai ta zauna ta cire takalmi, ta gaya masa launukan da suka iso. Ba ya yarda da ja ko baƙi, sai ta faɗi lamba. In ta faɗa, yakan juya abin a ka, sannan ya ce wannan baƙin akwai ɗan shuɗi a cikinsa, gobe ta duba shi a rana. Washegari ta dawo ta ce haka ne. Ban sani ba ko kullum haka ne ɗin, amma ban taɓa jin ta ce masa ya yi kuskure ba.

Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai game da ita ya faru ne ina ajin ƙarshe. Ba na wurin, daga bakinta da bakin wanda abin ya shafa na haɗa labarin. Akwai wata ƙungiya ta masu sana'ar hannu da ke tafiya a keken guragu: masu gyaran takalma, teloli, masu gyaran rediyo. Sun daɗe suna neman motar kansu da za ta riƙa kai su kasuwa da asibiti, har Allah ya haɗa su da wata gidauniya da ta ɗauki nauyi. Bas aka ce a ƙera musu daga masana'anta, mai ƙasa mai kauri da ƙarafan da ake ɗaure keke a jiki, yadda mutum zai shiga a kan kekensa ya zauna a kai har a isa. Shugabansu mai gyaran takalma ne, mutum mai faɗin ƙirji da babbar murya, harshensa kamar aska.

Wani wuri a tsakanin ofis da masana'anta aka yi kuskure, sai bas ta yau da kullum ta iso. Manaja ya shiga tsaka mai wuya, ga gidauniya ta sa rana, ga manyansa suna jira. Ya sa aka kai bas ɗin gareji, aka cire kujerun baya, aka huda ƙasan aka ɗaura zobban ƙarfe, aka haɗa gadar hawa. In ka gan ta ba za ka ce komai ba. Ana gobe za a miƙa ya kira Gwaggo ofis. Bai ɓoye mata ba, ya san ta riga ta ɗaga shimfiɗa ta gani. Ya ce an sake odar ta gaskiyar, za ta iso nan da wasu watanni, wannan ta riƙe su kafin nan, kuma ba sai an tayar wa kowa da hankali ba. Abin da yake so kawai ta sa hannu a takardar da take sa wa hannu kullum, mai cewa mota ta yi daidai da takardun masana'anta. Gwaggo ta roƙe shi ya gaya wa mutanen. Ya ce in suka ji za su iya fasawa, gidauniya ta janye, kowa ya yi asara har da su. Da za ta fita, ya ce a hankali, ba da faɗa ba, ta tuna shi bai taɓa neman komai a wurinta ba.

Ranar ta dawo gida ba ta taɓa abinci ba. Ina jin su daga ɗaki tana gaya wa Baba. Baba ya ce, "Mutumin nan ya yi mana abin da ɗan'uwa bai yi ba. Hannu kuma naki ne. Ni ban ga motar ba." Ta ce ai ko an kawo ta gabansa ba zai gani ba. Ya ce shi ya sa ya fi ta kwanciyar hankali. Suka yi 'yar dariya, daga nan ba su sake tayar da zancen ba.

Da safe 'yan ƙungiya suka iso cikin kayansu na fita kunya, kekuna a goge, an ɗaura wa bas ɗin jan ƙyalle a gaba, an rubuta sunan ƙungiyar a gefe. Gwaggo ta janye kujerar baƙi don Shugaba ya matso da kekensa jikin teburi. Ta bi komai yadda ta saba, littafi, garanti, mukulli na biyu. Da ta zo kan takardar masana'anta sai ta ɗora hannu a kai.

"Shugaba, wannan ba ita ce motar da kuka ce a ƙera muku ba."

Ta yi masa bayani a taƙaice, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta zaci Shugaba zai yi wa Manaja faɗa, sai ya juyo kanta. Ya ce tun suna yara a bayan a-kori-kura ake loda su tare da buhuna, ba wanda ya taɓa duba kaurin ƙasan, yau da suka ga mota da sunansu a jiki ne za a fito musu da ƙa'ida. Ya ce mutanen da ke bayansa wasu ba su runtsa ba don murna. Ya tambaye ta wa ya aike ta.

"Ba wanda ya aike ni," in ji Gwaggo. Ta zaro mukullin daga aljihu ta ajiye a gabansa. "Ga shi, naku ne, ba zan hana ku ba. Hannu ne kawai ba zan sa ba."

Manaja na tsaye jikin wata mota, bai motsa ba. Shugaba ya dubi mukullin, bai ɗauka ba. Ya ce ta nuna masa. Ya tura kekensa har ƙofar bas ɗin, kuma da yake sitikar tana ƙasa-ƙasa a ginshiƙi, daidai idonsa ta zo, Gwaggo ce ma ta durƙusa. Ta riƙe takardar odarsu kusa da ita, ta nuna masa lambar da ya kamata ya gani da wadda ke wurin. Bai tsaya nan ba. Ya hau gadar ya shiga ciki, ya sunkuya ya ƙwanƙwasa ƙasan da bayan yatsa, ya kama zobe ɗaya ya girgiza da ƙarfin nan nasa na mai jan fata. Shi ya gaya mini daga baya cewa a nan ya gane haɗarin, domin ya san yadda ƙusa ke zama a fata mai kauri da yadda take zama a sirara. Ya ce ranar da direba ya taka birki da ƙarfi, zoben nan zai fita kamar maɓalli daga tsohuwar riga, da keke da mai keke.

Ya kira mutanensa suka fita inuwar bishiyar da ke harabar. An daɗe ana muhawara, ana jin muryoyi ta cikin gilashi. Wasu suka ce a karɓa haka, da babu gara ba daɗi. Wata tela a cikinsu ta yi kuka. Da suka dawo, Shugaba ya wuce teburin Gwaggo ya tsaya gaban Manaja. Ya ce a mayar da kujerun da aka cire, za su karɓi bas ɗin aro a matsayin abin da take, a riƙa ɗaga su ana ɗorawa a kujera suna ɗaura bel, kekuna a naɗe a baya, har tasu ta iso. Ya ce a rubuta haka, shi zai yi wa gidauniya bayani da bakinsa. Manaja ya amince, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa. Jan ƙyallen ba a yanka shi ba, wani ne ya kwance shi ya naɗe. Shugaba ya fita bai ko kalli inda Gwaggo take ba.

Kafin a tashi aiki Manaja ya tsayar da ita a baranda, ya ce daga gobe ta koma wurin wanki, an fi buƙatarta a can. Ta ce to. Ta dawo gida ta lalubo takalmin robarta a ƙarƙashin gado ta kakkaɓe. A lokacin gwiwoyinta sun fara ciwo, ga damina ta kama. Mahaifina ya zo yana ta faɗa, ya ce ta ajiye musu aikinsu, ba a mayar da babba baya kamar yaro. Ta ce masa ya sassauta. Ta ce mutumin yana da dalilin fushi, ta kwance masa zane a gaban jama'a, kuma abu ɗaya da take jin ta gaza shi ne rashin shiga ofishinsa tun da safe ta gaya masa za ta yi magana, ko da shi zai zaɓi ya faɗa da kansa. Amma cewa ta sa hannu, ko yau aka dawo da takardar ba za ta sa ba.

Haka ta wanke motoci har damina ta wuce. Ba ta yi ƙorafi ba, ba ta kuma rage gaisuwar da take yi wa Manaja ba, ko ya amsa ko bai amsa ba. Masu sayarwa sukan saci jiki su zo bayan gini da jakar takardu su tambaye ta abu, ta goge hannu ta nuna musu. In ta dawo gida nakan dafa mata ruwa ta gasa gwiwa, Baba na gefe yana tsokanarta wai yanzu ƙanshin sabulu take yi.

Ranar da bas ta gaskiya ta iso, Gwaggo ce ta wanke ta. Tana cikin goge gilashi Manaja ya shigo wurin wankin, yana ɗaga ƙafar wando kada ya jiƙe. Ya kifa wani bokiti, ya ɗora jakar takardun bas ɗin a kai da mukulli, ya ce gobe da safe, ya juya. Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu kan maganar ke nan har ya bar kamfanin.

Washegari Shugaba ya zo da mutanensa. Wannan karon shi ya riga ta zuwa jikin ginshiƙi, ya karanta lambar da ƙarfi kowa ya ji, ya shiga ya girgiza ƙarafan har bas ɗin ta yi rawa. Ya karɓi mukulli bai ce na gode ba. Sai ya dubi ƙafarta, ya ce wannan takalmin abin kunya ne ga kamfani, wa ya yi mata wannan aika-aika. Ya sa ta taka wani kwali ya zana ƙafarta da biro. Bayan kwanaki aka aiko da takalmi baƙi mai taushi, an ɗaga dunduniyar ɗaya kaɗan saboda gwiwar da ya lura tana ɗingisawa da ita. Tun daga nan har ya daina aiki, ba ta sake sa takalmin wani ba, kuma duk zuwanta rumfarsa sai sun yi musu.

Baba ya rasu shekaru kaɗan bayan haka, Allah ya jiƙansa. Manaja, wanda a lokacin ya yi ritaya, ya zo gaisuwa ya zauna har kowa ya watse, yana ba mu labarin wata motarsa da Baba ya taɓa fesawa har dillali ya rantse ba a taɓa ta ba. Gwaggo ta ci gaba da aiki a teburinta har ƙarfinta ya fara ja baya. Kafin ta sauka ta koyar da wata matashiya da aka ɗauka, mai saurin fahimta da saurin magana, wadda Gwaggo ke cewa kanta yana da kyau, zama ne dai ba ta iya ba tukuna. A shekarunta na ƙarshe ne motoci suka fara zuwa da 'yar takarda sirara maimakon littafi, sauran bayanin wai yana cikin waya. Wannan ya ƙona mata rai. Ta ce ranar da mota ta mutu a daji, waya ba caji, sai mutum ya karanta tafin hannunsa.

Yanzu tana gidan babban ɗanta, a ɗaki mai taga biyu da ke kallon titi. Wata ziyara da na kai mata na nuna mata yadda ake sauke littafin mota a waya da yadda ake ƙara girman rubutu. Na yi zaton za ta ture. Sai ga shi ta mayar da abin aikin yi, tana karanta littattafan motocin da ba ta taɓa gani ba, ta kira ni ina tsakiyar aiki don ta gaya mini an canja wa safaya wuri. Wata rana ta kira muryarta wani iri, ta ce ta karanta littafin wata mota daga farko har ƙarshe ba ta ga shafin baƙin mai ba. Na ce ai mai lantarki ce, ba ta shan mai ko kaɗan. Ta ce ita sai ta gani da idonta.

Maigidana yana da aboki mai irin motar, muka roƙe shi ya zo. Gwaggo ta fito da sandarta ta zagaya motar a hankali, ta sa aka buɗe bonet, ta leƙa ta ga wurin ajiye kaya ne. Ta ce ikon Allah. Aka taimaka mata ta zauna a gaba, ta ɗaura bel da kanta. Motar ta fara tafiya, mun kusa kai ƙarshen layi, sai ta juya ta ce wa mai motar ya tayar da injin mana kada mu gangara haka. Ya ce ai a tashe take, Gwaggo. Ta dube shi, ta dubi titi yana wucewa, sai ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta ce ya ƙara zagayawa da ita ta babban titi, kuma ya kashe rediyon, tana so ta saurara da kyau.